Ranar da Unguwarmu Ta Ce Lafiya Lau

Shekarun baya, lokacin ina gaban iyayena a Azare, idan aka neme ni aka rasa, to a leƙa bayan ɗakin girki. Can za a same ni a gindin dalbejiya da littafin soyayya a hannu. Haya nake karɓowa a bakin kasuwa, in cinye guda kafin la'asar, in mayar in karɓo wani. Na karanta su har na fara magana irin tasu. Ko daddawa mahaifiyata ta aike ni saye, tafiya nake ina jiran wata doguwar mota mai baƙin gilashi ta tsaya a gefena, a sauke gilashin a hankali a yi mini sallama. Ba ta taɓa tsayawa ba. 'Yan acaɓa ne kawai suke danna mini hon in ba su hanya.

Wannan karatun nawa shi ya jawo mini muƙami na farko a rayuwata.

Mai unguwarmu ya samu labarin wata ƙungiya da take ba garuruwa da unguwanni shaidar cewa suna kula da kare mutanensu daga haɗurra da raunuka. Ba kuɗi suke rabawa ba. Takarda ce, da allo da ake kafawa a bakin titi. Amma ba a samunta haka kawai. Sai an kafa kwamiti da ya haɗa kowane ɓangare na jama'a. Sai an buɗe littafi ana rubuta duk wanda ya ji rauni, da inda ya ji, da abin da ya jawo. Sai an nuna abin da ake yi domin waɗanda suka fi shiga haɗari. Bayan haka su turo mutum ya zo ya gani da idonsa. Mai unguwa ya ƙwallafa rai a kan allon nan, har ya zaɓi inda za a kafa shi tun ba a cike takardar nema ba.

Ana buƙatar mace mai rubutu wadda za ta iya shiga gidaje. Wani a cikin dattawan ya ce, “Ai ga 'yar gidan Alhajin can, kullum kanta a cikin littafi.” Haka na zama sakatariya. Aka ba ni babban littafi mai baƙin bango da biro biyu. Na rungumo shi zuwa gida kamar an ba ni lefe.

A lokacin yayata tana gida tana jinya. Adda muke ce mata. Tela ce, tana da shago a hanyar kasuwa, kuma duk wanda ya san ta ya san ba ta da sanyin jiki. 'Yan watanni kafin nan ta hau acaɓa daga kasuwa, ta rungumo yaduka a cinyarta, hijabinta har idon sawu. Suna shan kwanar kwalbatin da ke shigowa unguwarmu, bakin hijabin ya shige tayar baya. Ta ce ba ta ji komai ba sai wani abu da ya shaƙo wuyanta ya fizgo ta baya. Ta faɗo, ƙafarta ta dama ta shige cikin kwata. Baba mai ɗori na unguwarmu ne ya ɗora ta. Ƙashin ya kama, amma ƙafar ba ta dawo daidai ba, sai da sanda.

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ta kafa doka tun ranar farko. Duk wanda ya zo dubiya, a ce masa Adda zamewa ta yi a bakin rijiya. “Ba zan so a riƙa yawo da ita a gari ba,” in ji ta. “A ce babbar mace da 'ya'yanta ba ta iya zaman babur ba.” Adda ba ta yi musu ba. Ita kanta a lokacin gani take sakacinta ne. Shagonta ya zauna a kulle, keken ɗinkinta aka kawo gida aka lulluɓe shi da tsohon zane, ita kuma ta daina ko leƙa zaure.

Da na shigo da littafin na yi mata bayanin abin da za a rubuta a ciki, ta daɗe tana shafa bangonsa. Sannan ta ce, “Auta, ki sa ni a layin farko.”

Na ce, “Inna fa?”

“Ki bar ni da Inna. Tun da na faɗi nake kwana ina tashi da ƙaryar rijiyar nan. Ina so a samu wuri ɗaya a duniya da aka rubuta abin da ya same ni yadda ya faru. Kin yi alkawari?”

Na ɗora hannu a ƙirji kamar yadda jarumai suke yi a littattafaina, na ce na yi.

Mako biyu kafin zuwan mai dubawa, kwamiti ya zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Na ce zan fara shiga gidaje in rubuta masu rauni. Mai unguwa ya cire tabarau ya dube ni.

“'Yata, baƙo zai zo daga nesa, sai mu tare shi da karaya da ƙuna? Wa kika taɓa gani ya shimfiɗa wa baƙo yagaggiyar tabarma? Shaidar zaman lafiya muke nema, ba ta asibiti ba.”

Dattawa suka ce gaskiya ne, Allah ya ja zamaninka. Wani ya ƙara da cewa ƙirga masifa kiranta ne. Aka tsayar da shawara: littafin raunuka a bar shi fes, domin farinsa shi ne hujjarmu. Masu sanda da masu bandeji su zauna a gida ranar. Wani dattijo da ya karye a hannu aka ce ya je Gamawa ya gaida 'yarsa, ya daɗe bai je ba. Baba mai ɗori kuma aka ce idan an tambaye shi ya ce ya bar sana'ar.

Da zan so in ce tsoron manya ne ya hana ni magana. Amma gaskiyar ita ce shawarar ta yi mini daɗi. Ban so a ɓata mini sabon littafina da jini da kwata. Ni abin da nake so in rubuta daban ne. Na zauna kwana uku na tsara gabatarwa shafi huɗu, na yi wa gefenta zanen furanni da jan biro. Har yanzu ina tuna wani layi: “Unguwarmu fure ce a tsakiyar ƙasar Katagum, inda yaro ke gudu ba ya tuntuɓe, tsoho ke tafiya iska na riƙe da hannunsa.” Da na gama rubuta shi sai da na yi ƙwalla don daɗi.

Adda ta tambaye ni sau biyu ko na rubuta ta. Na ce ana kan tsari.

A raina kuwa na riga na gama zana mai dubawar. Dogo ne, fari, cikin farar shadda mai aiki, ƙamshin turarensa yana riga shi isowa. Zai karanta gabatarwata, ya ɗago kai a hankali ya ce, “Wace ce ta rubuta wannan?” Ranar na sa atamfata ta sallah, na yi lalle tun jajibiri.

An share unguwa tas. An shafa wa bishiyoyi farar ƙasa har gwiwa, an shafa wa bakin kwalbatin da Adda ta faɗa. An kafa rumfa, an dama fura da nono mai kyau, an soya kaji.

Wajen hantsi wata tsohuwar mota ta tsaya. Wata mata ce ta fito, gajera, ta manyanta, da ɗankwali ɗaure a kai da takalmin roba, tana rataye da jakar da ta ga duniya. Daga baya muka ji 'yar kudancin Bauchi ce, Kirista, ta yi shekaru tana aikin jinya kafin ta koma wannan aikin. Hausarta tas. Na riƙa leƙen motar ko akwai saura a ciki. Direba ne kawai, yana sakace.

Madam, haka kowa ya riƙa kiranta, ta gaida dattawa da ladabi, ta sha fura ta yaba. Sannan ta ce a ba ta littafin. Na miƙa mata da hannu biyu. Ta karanta gabatarwar shiru, ta zo kan layin iskar nan ta karanta shi da ƙarfi. Wani daga baya ya yi tari irin na mai haɗiye dariya. Ta buɗe shafi na biyar, fari. Na shida, fari. Ta bi su da babban yatsa har ƙarshe.

“'Yata, rubutunki yana da kyau. Ina raunukan?”

Na ce, “Babu, Madam.”

Ta juya ga jama'a. “Jama'a, a shekarar nan babu wanda ya faɗi, babu wanda ya ƙone, babu wanda babur ya buge?”

Rumfa gaba ɗaya ta amsa kamar an koya mata, kuma an koya mata ɗin: “Lafiya lau!”

Ta ce, “Madalla. Mu ɗan taka in ga gari.”

Ba ta bi hanyar da muka tsara mata ba. Lungu ta shiga. Ta tsaya a wajen injin markaɗe ta dubi bel ɗinsa yana juyawa a buɗe, mata na sunkuyo da mayafai a kusa da shi. Ta leƙa wata rijiya marar murfi. A bakin kwalbati ta durƙusa ta taɓa farar ƙasar, ta ga ba ta gama bushewa ba, ta goge yatsanta a jaka. Muna biye da ita kamar masu rakiyar gawa.

Sai muka iso zauren Baba mai ɗori. Yana zaune a kan buzunsa, ya sa sabuwar hula. Ta gaishe shi ta tambayi sana'arsa.

Ya kalli mai unguwa, ya kalli ƙasa, ya ce, “Da dai ina ɗori. Yanzu na bari. Noma nake.”

A bayansa kuwa ga damin karan ɗori sabon fiƙewa a jingine, ga tsummokaran ɗauri an wanke an shanya a igiya, ga benci uku da zaman jira ya goge su suna sheƙi.

Madam ta ce, “Baba, waɗannan karare na shuka ne?”

Baba ya waiwaya ya dubi damin. Can ya ce, “Yarinya, ni dai na tsufa da ƙarya. Na sallami masu karaya biyu da safen nan, na ce su dawo idan kin tafi.”

Mai unguwa ya shiga gyara babbar riga da ba ta karkace ba.

Da muka koma rumfa ba ta yi faɗa ba. Ta ce, “Ranka ya daɗe, na san abin da kuka yi karamci ne. A garinmu ma haka ake yi wa baƙo. Amma ni ba a turo ni neman garin da ba a jin ciwo ba, don babu shi. An turo ni neman garin da ya san inda mutanensa suke jin ciwo, kuma ya tashi yana yin wani abu a kai. Farin littafi ba ya nuna mini kuna lafiya. Yana nuna mini ba ku duba ba.” Ta ce ba za ta rubuta an faɗi ba, za ta rubuta ba a shirya ba. Idan mun shirya, mu aika, za ta dawo.

Da za ta shiga mota ta mayar mini da littafin, ta ce a hankali, “Kar ki yage furannin. Ki dai fara daga shafi na biyar.”

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Adda tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafar, sandarta a gefe. Ba ta ɗago ba.

“An ce littafinki fari ne.”

Na ce, “Adda, manya ne suka…”

“Manya ne suka ɗora hannu a ƙirji?”

Daga ranar sai gaisuwa kawai. In ce ina kwana, ta ce lafiya. Idan na kawo mata ruwan alwala, ta ce a ajiye. Ita da take tsokanata da “amaryar littafi” tun safe har yamma, ta daina. Gidan ya yi mini faɗi. Na ɗauko littafin soyayya in karanta, na kasa wuce shafi biyu, domin a cikinsa ma wata ce aka ci amanarta, kuma a karon farko na ga ba ni ce jarumar ba. Ni ce ɗayar.

A kwana na biyar na ɗauki littafin mai baƙin bango na je na durƙusa a gabanta. Na shirya dogon jawabin ban haƙuri, da zuciya da hawaye da komai. Ban kai rabi ba ta katse ni.

“Ni ba waƙa na ce ki yi mini ba. Kin zo da biro?”

Na buɗe shafi na biyar. Ta fara faɗa, na fara rubutawa: “A wani yammaci mai cike da…”

“Soke. Rubuta: ranar kasuwa, bayan la'asar. Mace, tela. Hijabi ya shiga tayar acaɓa. Kwanar kwalbati. Karaya a ƙafar dama. Shi ke nan.”

“Adda, ko ɗan yadda kika ji a ranki?”

“Wanda ya karanta zai ji da kansa.”

Inna tana jinmu daga bakin murhu. Ta taso da muciya a hannu. “Yanzu asirin da na rufa miki shi za ki kai ƙofar mai unguwa? Abin da Allah ya ƙaddara, ƙararsa za ki kai?”

Adda ta ce, “Inna, ba ƙarar kowa na kai ba. Na karɓi ƙaddarata. Amma jikokinki mata kullum a kan acaɓa suke zuwa Islamiyya, hijabinsu na jan ƙasa. Idan na ce rijiya ce, rijiya za su riƙa kiyayewa.”

Inna ta tsaya kallonta. Ta koma ga tuwonta. Sai da ta kwashe ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Idan za a rubuta, a rubuta daidai. Har wuyanta ya yi sati biyu ba ya juyawa.”

Na ƙara wannan a ƙasan layin.

Ranar Asabar na je makarantar matan aure ta unguwarmu. Bayan an tashi karatu na roƙi malama minti biyar, na karanta layin Adda, da izininta, ban faɗi suna ba, ko da yake kowa ya gane. Na rufe littafin ina jiran a yi gulma.

Wata mata daga baya ta ɗaga hannun hijabinta ta nuna wani dogon tabo a damtse. Ta ce, “Ni a hanyar Shira ne. Na ce wa maigida ƙofa ce ta yanke ni.” Wata ta ce ita nata hijabin yagewa ya yi, Allah ya taƙaita, ta ɓoye shi a ƙasan akwati. Wata ta ce ƙanwarta ce, da goyo a bayanta. Wata kuma ba babur ba ne, injin markaɗe ne ya kama bakin mayafinta. Kowacce ta ɗauka ita kaɗai ce sakarar da abin ya samu. Na rubuta har biron farko ya ƙare.

Da na dawo na karanta wa Adda su ɗaya bayan ɗaya. Ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa. Tun da ta faɗi ban ga ta yi kuka ba sai ranar. Da ta share ido ta ce, “Ashe ba ni ce ban iya zama ba.” Sai kuma ta ce, “Amaryar littafi, jawo mini keken can.”

Maza kuwa sai da aka bi ta wata hanya, don su ba sa son a ga sun zo ba da labarin faɗuwa. Baba mai ɗori ne ya kawo dabara. Ya zana taswirar unguwa da sanda a ƙasa a ƙofar mai unguwa, ga masallaci, ga coci, ga kasuwa, ga kwalbati. Ya zube tsakuwa a gefe. Ya ce duk wanda ya san inda wani ya ji rauni ya ɗora tsakuwa ɗaya a wurin, ba sai ya yi magana ba. Shi ya fara, yana ɗorawa yana ambaton gaɓar da ya ɗora. Kafin azahar kwanar kwalbati ta tara tsibi. Mai unguwa ya daɗe a tsaye a kansa. Ya ce, “Shekara nawa ina wucewa ta nan.” Bai ƙarasa ba.

Daga nan aiki ya kankama, ba da sauri ba, kuma ba tare da rigima ba. Kwamiti ya faɗaɗa: liman, fasto, malaman makaranta, mai kemis, Baba mai ɗori, shugaban 'yan acaɓa, da mata huɗu. 'Yan acaɓa da farko cewa suka yi laifin matan ne. Mata suka ce laifin gudu ne. Aka yi zama uku ana cacar baki kafin a tsaya a kan magana ɗaya: direba ba zai tashi ba sai ya waiwaya ya ga fasinja ta tattare hijabinta a cinya. Aka yi gayya aka rufe kwatar kwanar da siminti. Masu injin markaɗe suka sa wa bel murfi, ban da mutum ɗaya da ya ce iska injinsa yake so. Wani mai walda a bakin titi ya ƙera 'yar raga da ake ɗaura wa tayar baya. Ni aka riƙa aikawa wurinsa in rubuta babura nawa aka sa wa. Rigarsa duk hujin tartsatsi ce, ba shi da mota, turarensa kuwa hayaƙin ƙarfe. Shi nake dafa wa tuwo yau.

Adda kuma ta zauna a kan kekenta ta ƙirƙiro wani ɗan maɗauri da take ɗinkawa a cikin hijabi daga ƙasa, da maɓalli guda. Idan za ki hau babur ki ɗage bakin ki maƙale, idan kin sauka ki saki. Ba ya nuna jiki, ba ya ɓata ɗinki. Ta fara yi wa matan makarantar a gida. Da suka yi yawa tsakar gidan Inna ya kasa ɗaukarsu, sai wata safiya ta ce in riƙe mata mabuɗi in raka ta. Muka tafi a hankali, tana dogara sanda, muka bi ta kwanar kwalbatin. Ba ta kalli gefe ba. Ta buɗe shagonta da hannunta.

Sai da aka yi damina aka yi kaka kafin mu aika wa Madam. Ana saura kwana biyu ta zo, mai unguwa ya kira ni hankalinsa a tashe. Ya auna kaurin shafukan da na cike da yatsu. “'Yata, abin nan ƙaruwa yake yi. Ba za ta ce mun ƙara lalacewa ba?”

Na ce, “Allah ya taimake ka, wancan karon mun gwada farin.”

Ya yi dariya har da tari. Ya ce kar a shafa wa komai farar ƙasa.

Ta zo da jakarta da takalmin robarta. Ta zauna da littafin fiye da awa guda, tana tambaya ina amsawa. Ta ce yawan rubutun bai dame ta ba, alama ce mutane sun fara faɗa. Abin da take nema shi ne ko layukan hijabi da na kwanar kwalbati suna raguwa daga wata zuwa wata, ta kuma bi da yatsa ta gani da kanta. Mai unguwa da bakinsa ya lissafa mata abin da muka kasa: rijiyoyi biyu har yanzu a buɗe, mai injin nan ya ƙi, kuma masu sayar da fetur a kwalba ba su matsa daga kusa da masu tuya ba.

Sannan ta tambaya ko akwai wanda abin ya shafa da zai so ya yi magana. Adda ta miƙe daga cikin mata. Ta tako har tsakiyar rumfa, ƙarar sandarta kawai ake ji. Ta faɗi abin da ya same ta kamar yadda ta sa na rubuta, ba ƙari. Ta ɗaga bakin hijabinta ta nuna maɗaurin. Inna tana zaune a layin gaba. Da wata ta kusa da ita ta yi mata raɗa, sai na ji ta amsa da ƙarfi, “E, 'yata ce. Babbar.”

Takardar ta iso bayan wasu watanni, da sharaɗin za a dawo a sake dubawa bayan 'yan shekaru, idan an yi sake a karɓe. Aka kafa allon a inda mai unguwa ya zaɓa. Rana ta ci fentinsa yanzu, sai ka matso kake iya karantawa.

Har yau ina karanta littattafan soyayya, ban tuba ba. Amma na gane wani abu game da kaina da mutanenmu. Mun iya rufa wa juna asiri, kuma abu ne mai kyau, shi ya riƙe gidaje da yawa. Sai dai akwai asirin da idan ka rufe shi, ramin ka rufe da tabarma, na bayanka ya taka. Na so unguwata ta yi kyau a takarda har na yarda in goge 'yar'uwata daga cikinta, kuma a lokacin ƙauna na ɗauki abin. Adda ta yafe mini tuntuni. Ƙafarta ba ta miƙe ba, ba kuma za ta miƙe ba. Idan hadari ya haɗu tana yi mata ciwo.

Kwanakin baya na je biki garin Katagum. Ina tsaye a tasha ina jiran mota, wata yarinya da ban sani ba ta tare acaɓa. Ta hau, direban ya kunna, amma bai tashi ba. Ya waiwayo ya ce, “Hajiya, tattare.” Ta sunkuya ta ɗage bakin hijabinta ta maƙale da maɓalli, suka wuce. Ɗinkin ba na Adda ba ne, wani telan ne ya kwaikwaya, har ya sa maɓallin a karkace.

Na kira Adda a waya a take na ba ta labari. Ina ji kekenta ya tsaya.

Sannan ta ce, “A karkace? Ki nemo mini shagonsa in nuna masa yadda ake yi.”